Jirgin da ba ya gaggawa

A ƙasar Bichi da Ɗambatta gona manne take da gona, ba wanda zai zaci a nan za a yi zancen jirgin ruwa. Amma tun daga zamanin Gwamna Audu Bako da aka shiga datse koguna, ruwa ya zo ya zauna a tsakiyar karkara: Watari a Bagwai, Tomas a wajen Ɗambatta, Wasai a Minjibir. Masunta suka biyo shi, masu fito suka samu sana'a, kafintocin kwale-kwale suka kafa rumfa a bakin gaɓa. Irin ilimin da ke hannun mutanen nan, shi ne dai aka gina wani shahararren jirgin teku a kansa.

Jiragen inji iri biyu ne. Akwai mara nauyi mai shafaffen gindi, wanda idan aka ba shi wuta yake ɗaga hanci ya hau saman ruwa yana sulɓi. Yana da gudu, amma mai yake sha kamar ba gobe. Akwai kuma wanda cikinsa ke nutse a ruwa, yana tsaga shi yana turewa gefe. Na farko dokin sukuwa ne, na biyu bijimin huɗa. Wancan jirgin teku, wanda Turawa ke kira tirola, na biyun ne.

Asalinsa jirgin masunta ne, irin na garuruwan Grimsby da Hull a Ingila, masu jan ƙatuwar koma a teku kwana da kwanaki. Mai jan koma ƙarfi yake nema da juriya. Don haka aka yi masa ciki mai zurfi, da dogon ƙashin baya a ƙasa mai tsare farfela da hana jirgin karkacewa, da dogon goshi mai karɓar taguwa, da injin dizal guda ɗaya mai juyawa a hankali. Tankunan mai da na ruwa can ƙasa ake ajiye su, nauyinsu ya riƙe jirgin. Daga baya masu son doguwar tafiya suka ari wannan ƙira suka sa ɗakunan kwana a inda ake zuba kifi. Cikin irin waɗannan jirage, samfurin Grand Banks 36 ya fito a 1965, sannan tsakanin 2001 da 2002 wani jirgi samfurin Nordhavn mai tsawon ƙafa 40 kacal ya zagaye duniya.

Abin da ya fi burge ni shi ne dokar da ke bayan wannan duka. Jirgin da ke tsaga ruwa yana tayar da taguwa a gabansa, kuma duk sanda ya ƙara sauri taguwar tana ƙara tsawo, har ta kai tsawon jirgin kansa. A nan gindinsa ke faɗawa cikin kwarin taguwar, hancinsa yana fuskantar tudun ruwan da shi ya tara. Ƙara wuta daga nan ƙona mai ne kawai. Jirgi mai tsawon mita 11 iyakarsa wajen kilomita 15 a awa, kuma wanda ke son ninka wannan gudun sai ya ninka tsawon jirgin sau huɗu. Tsawo ne ke yanke hukunci, girman inji ba ya ceto.

Kwale-kwalen katako na dam ɗinmu ba tirola ba ne. Gindinsa a baje yake saboda ruwan ba zurfi, injinsa kuma na ratayawa ne a baya. Amma da zarar an loda masa buhuna da babura da mutane, wannan doka ta hau kansa, kuma gwanin matuƙi ya san ta ba tare da lissafi ba. Yana jin lokacin da kukan inji ya ƙaru amma gaɓa ba ta ƙara matsowa, ya ga bayan jirgi ya fara zama, sai ya sassauta hannu. Wurin lodi ma haka: mai nauyi a ƙasa kuma a tsakiya, kowa ya zauna, idonsa na kan tazarar da ta rage tsakanin bakin jirgi da ruwa. Wannan 'yar tazara rai ce. Mutanen Bagwai ba su manta da ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, da jirgin da ya taso daga Badau ya kife a Watari da mutane masu yawa, akasarinsu ɗaliban Islamiyya.

Jirgi mai nauyi yana da nasa rauni. Tirola na yin tangaɗi idan taguwa ta buge shi ta gefe, kuma ba ya iya tsere wa hadari. Shi ya sa matuƙinsa yake karatun sama kafin ya kunce igiya. Mai fito na Watari ma da damina gabas yake fara duba, in ya ga ta yi baƙi sai ya ce wa fasinja su jira, ko da kuwa ranar kasuwa ce.