Wace Jam'iyya Selina Take?

'Yan uwana mata, akwai wani wasan talabijin na Amurka mai suna Veep, wanda aka nuna daga 2012 zuwa 2019. Labarin Selina Meyer ne, mataimakiyar shugaban ƙasa da ta zo ta haye kujerar maigidanta. Tun daga farko har ƙarshe ba a taɓa faɗin jam'iyyarta ba, ko Dimokurat ce ko Rifabulikan.

Da fari na ce tsoro ne kawai. Ai ni ma na san wannan, sau nawa ina ƙirƙiro sunan gari a littafina don kada a yi mana sallama da ƙorafi?

Amma da na kai ƙarshe sai na sake shawara. Selina ta bari aka ɗaure Gary, bawan Allahn da ya yi shekaru yana riƙe mata jaka, don dai ta samu mulki. Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba. To da an ambaci jam'iyyarta, da rabin masu kallo sun nema mata uzuri, sauran kuma su ce dama halin mutanen can ne. Da aka ɓoye, dole kowa ya dubi matar ita kanta.

Ni dai har yau Gary nake tausayi.