Sanyi da Tsargiya: Sharhi a Kan Kalmar da Ta Haɗiye 'Yar'uwarta

A Jega da Aliero da Maiyama, idan mutum yana jin zafi wajen fitsari, yawanci akan ce yana da "ciwon sanyi". A ganina, yadda ake amfani da kalmar a yau ya kauce wa yadda magabata suka san ta.

Asalin sunan yana cikin fahimtar Bahaushe cewa sanyi da laima kan shiga jiki su kwanta a mara ko gaɓoɓi. Sannan kunya ta sa aka mayar da kalmar sakaya, domin dattijo ba ya kiran cutar al'aura da sunanta a bainar jama'a. Duk da haka tsofaffinmu suna bambancewa. Sanyi na baligai ne, yana zuwa da zafi da mugunya, kuma ta hanyar saduwa ake ɗaukarsa. Tsargiya kuwa an fi ganin ta ga yara masu wanka a Gulbin Zamfara da tafkunan fadama, alamarta jini a ƙarshen fitsari.

Binciken likitoci ya gaskata wannan rabo. A 1851 Theodor Bilharz ya gano tsutsar tsargiya a Alƙahira, a 1915 kuma Robert Leiper ya tabbatar da cewa a jikin dodon koɗi take girma kafin ta huda fatar mutum cikin ruwa. Ƙwayar cutar sanyin saduwa daban ce, Albert Neisser ne ya gano ta a 1879.

To, ga inda matsalar take. Masu tallar magani da lasifika a kasuwanninmu sun tara kome a ƙarƙashin "sanyi": tsargiya, ciwon mafitsara, har da riƙewar fitsari ta tsofaffi, kwalba ɗaya maganin duka. Yaron da ya ji ana danganta zafin fitsari da lalata sai ya ɓoye jinin da yake gani, alhali tsargiya tana warkewa da ƙwayar praziquantel, in kuma an bar ta shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda.

Don haka ina kira ga malaman makaranta da dattawa su mayar wa kowace kalma muhallinta. A ce wa tsargiya tsargiya, a sanar da yaro cewa daga ruwa ya ɗauko ta, ba abin kunya ba ne, a kai shi asibiti.