Kiɗan Yanayi: Tsokaci a Kan Faifan On Land na Brian Eno

A Hausa, kalmar kiɗa tana ɗauke da ma'anar bugu, wato dole a sami makaɗi da abin da yake kaɗawa, kalangu ko ganga ko kotso. Haka abin yake a wurin Dagomba na Tamale, inda lunga, 'yar'uwar kalangu, take faɗin kirarin sarakuna da asalinsu. Ɗalibin da ya tashi da irin wannan kunne a unguwa kamar Nyanshegu, da wuya ya amince cewa faifan On Land, wanda Brian Eno na Ingila ya fitar a 1982, kiɗa ne. Babu waƙa a cikinsa, babu amshi, babu bugun da za a taka rawa da shi. Shi ne na huɗu a jerin fayafayan da Eno ya fara a 1978, waɗanda za a iya kira kiɗan yanayi.

Sai dai a Gana ne ya tsinci wani ɓangare na dabarar, lokacin da ya je aikin faifan ƙungiyar Edikanfo na 1981. A bayanin da ya rubuta daga baya, ya ce ya tafi da makirufo da rikoda don ɗaukar kaɗe-kaɗe da maganar mutane, amma sai ya riƙa zama a waje da maraice yana sauraren sautukan da ke kewaye da shi ta abin sawa a kunne. Da na'urar ta tattara su wuri guda, sai suka zame masa kiɗa. Ke nan yanayi bai ba shi kari ba, yadda yake sauraro ya canja masa.

A nan ƙarfin faifan yake. An cuɗa kukan kwaɗi da na ƙwari da ƙarar sarƙa da duwatsu cikin wani gunji mai zurfi, har ba a gane inda dabba ta tsaya na'ura ta karɓa. Aikin mai tsarawa ya koma zaɓe da jerantawa. Harshe ma yana yin kusan haka da amsa-kama, irin su tsit da yuu.

Rauninsa kuwa yana ga sunaye. Lantern Marsh da Dunwich wurare ne a Suffolk, yankin da Eno ya girma, kuma cikin sunaye takwas na faifan babu na Gana ko ɗaya. Hatta kwaɗin da aka ambaci asalinsu a bangon faifan, na Honduras ne.