Jiki da Jinsi a Ra'in Luce Irigaray: Gwaji da Ma'aunin Hausa

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta duba wata hujja da Luce Irigaray ta kafa a kan harshe, sannan ta auna ta da nahawun Hausa. Irigaray masaniyar falsafa ce da kimiyyar harshe, an haife ta a Beljiyam a 1930, ta yi aikinta a Faransa. Littafinta Speculum na 1974 ya jawo mata rasa gurbin koyarwa a jami'ar Vincennes.

2.0 Tushen Ra'in

A cikin ra'in matantaka akwai hanyoyi biyu da suka yi fice. Simone de Beauvoir, a littafinta na 1949, ta nuna cewa al'umma ce ke ƙera abin da ake kira mace, don haka mafita ita ce daidaito. Irigaray kuwa tana ganin daidaito da namiji tarko ne, domin namijin ne zai ci gaba da zama ma'auni. A wurinta jikin mace yana da nasa bambanci, wanda falsafar Turai ba ta taɓa ba shi murya ba. A Je, tu, nous na 1990 ta kawo shaida daga Faransanci: jam'in maza yana haɗiye na mata ko da namiji ɗaya ne cikin taron, kuma abubuwa masu daraja, kamar rana, jinsin namiji aka ba su.

3.0 Gwaji da Hausa

Hausa ma tana da jinsin nahawu, har ta zarce Faransanci a wani wuri, domin tana bambanta wanda ake magana da shi: kai da ke, ka zo da kin zo. Sai dai idan aka bi misalan Irigaray ɗaya bayan ɗaya, ba su zauna ba.

Na farko, jam'in Hausa ba shi da jinsi. Su ɗaya ce ga maza da mata, babu wanda ya haɗiye wani. Na biyu, rana mace ce a Hausa, wata kuma namiji, wato akasin Faransanci. Na uku, sassan jikin da aka fi dangantawa da haihuwa, irin su ciki da nono, jinsin namiji suke ɗauka, alhali zuciya da ƙwaƙwalwa na mace ne. Dalili shi ne, a sunayen marasa rai, galibi wasalin ƙarshe ake bi: masu ƙarewa da -a sukan zama mata, ban da irin su gida, ruwa da suna.

Maƙwabtan harsuna sun ƙara raunana hujjar. Zabarmanci ba ya bambanta shi da ita, kuma a Hausar Gana jinsin nahawu ya zube. Duk da haka ba wanda zai ce waɗannan al'ummu sun daina fifita namiji saboda wannan dalili.

4.0 Inda Ta Yi Gaskiya

Wannan bai rusa tambayar Irigaray ba, wurin neman amsar kawai ya sauya. Fifikon yana cikin salon magana. Ana cewa mace ta yi namijin ƙoƙari, ana cewa ta yi ta maza ta daure, ana yaba magabata da mazan jiya. A nan jarumta ta ari sunan jiki ɗaya, har macen da ta jure naƙuda sai an aro mata kalmar maza kafin a yaba mata. Wannan shi ne ainihin abin da Irigaray take kuka da shi: ma'auni ɗaya ga jiki biyu.

5.0 Kammalawa

Kuskuren Irigaray shi ne ɗaukar nahawun harshe ɗaya a matsayin madubin duniya. Amfaninta kuwa shi ne tilasta wa manazarci ya tambayi wane jiki harshe ya mai da ma'auni. Ga ɗalibin Hausa, darasin shi ne kada ya ɗauko ra'i daga waje ya ɗora wa harshe kai tsaye. Ya tattara misalai daga karin magana, kirari da hirar yau da kullum, sannan ya yanke hukunci.