Game da fassarar « code-barres » da « lecteur »

A ganinmu, fassarar kalma da kalma daga Faransanci ba ta ɓullewa a wannan fanni. Wanda ya mai da « code-barres » « lambar sirri ta sanduna » ya yi kure biyu. Na farko, babu sirri: a tsarin EAN-13, alƙaluma 13 ɗin suna rubuce ƙarƙashin zanen. Na biyu, babu sanda, layuka ne baƙaƙe da farare masu bambancin faɗi. Tun 1974, da aka fara karanta zanen a wani kanti na Ohayo, a Amurka, aikinsa shi ne bayyana kaya. Galibi farashi ba ya ciki: na'urar hannu ke aika lambar ga kwamfutar kanti, ita kuma ta maido farashin. Ke nan « lambar kaya » ta fi dacewa.

« Lecteur » ya fi wuya. Ƙirar « mabuɗi » da « ma'auni » tana ba da « makaranci », wanda karin sauti kaɗai ke raba shi da mutum mai karatu, alhali rubutunmu ba ya nuna kari. Gara « na'urar karanta lamba », ko da ta yi tsawo.