Zuma Mai Ɗaci Ta Cika Kasuwa

Duk mai bin littattafan da ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ko mai sauraron waƙoƙin soyayya na situdiyo, ya san salon da ake yayi yanzu: a ɗauko kalma a jingina ta da kishiyarta. So ya koma "zuma mai ɗaci", ko "guba mai daɗi", ko "wuta mai sanyi". Budurwar labari ta daina murmushi irin na mutane, kullum sai "murmushin da ya fi kuka ciwo". In aka yi tsit a falo, marubuciya ta ce wani "shiru mai ƙara" ya ratsa ɗakin. Ni kam abin ya fara gundurata, kuma ina jin ba ni kaɗai ba ne.

Kada wani ya ɗauka ina cewa salon baƙo ne a Hausa. Bahaushe ya daɗe yana haɗa abin da ba ya haɗuwa, kuma ya iya. Shi ya ce sauri ya haifi nawa. Shi ya ce shiru ma magana ce. In attajiri ya zauna yana ƙorafin gidajen hayarsa sun yi yawa har karɓar kuɗin ta zame masa aiki, sai a ce Alhaji kukan daɗi yake yi. In labari ya daki mutum ya sandare, ko ƙifta ido ya kasa, an ce ya yi mutuwar tsaye. Ko samarin bakin titi, in mota ta burge su, cewa suke yi ta yi mugun kyau. Abin lura a nan shi ne kowace ɗaya daga cikin maganganun nan tana nuna wani hali da ido ya taɓa gani. Ka san mai kukan daɗi, wataƙila ma maƙwabcinka ne. To wa ya taɓa zama a ɗakin da shiru ke ƙara? Wannan daga Turanci aka kinkimo ta, kuma har yau kunnen Bahaushe bai karɓe ta ba, domin yana da nasa: wuri ya yi tsit kamar ruwa ya cinye mutanen.

Malamanmu da suka yi karatun balaga a zaure sun san salon da sunan ɗibaƙi, kuma sun san inda aka ajiye shi. Ilimin balaga kashi uku ne. Ana fara wa ɗalibi da ma'ani, wato yadda magana za ta dace da wurin da ake yin ta da wanda ake yi wa. Sai bayani, inda ake koyon kamance da aron kalma da kinaya. Badi'i ne na ƙarshe, kuma a nan ɗibaƙi yake, cikin kayan ƙawata zance. Masu fannin sun ce ƙawatawar tana zuwa ne bayan magana ta dace da muhallinta kuma ma'anarta ta fito sarari. Marubutanmu na waya sun juya tsarin: daga kashi na uku suke farawa, na farko kuwa ko oho.

Bari in ƙago misali. Mace ce mijinta zai ƙara aure. An kawo mata kayan faɗar kishiya, gida ya cika da 'yan biki, ana guɗa, ita ce kuma ke raba wa baƙi goro da alawa tana cewa "sannunku da zuwa". In marubuci ya nuna mana yadda ta zuba wa wata tsohuwa goro sau biyu ba ta sani ba, da yadda ta shiga madafa ta daɗe tana neman ludayin da ke hannunta, mai karatu da kansa zai ji cewa fara'ar nan ta fi kuka ciwo. Ko da marubucin ya furta kalmar a nan, sau ɗaya, za ta zauna daram, don labarin ya riga ya biya kuɗinta. Amma abin da muke gani shi ne a shafi na biyu, saboda saurayi bai ɗaga waya ba, an riga an kashe wannan babbar magana. In aka zo wurin da ake bukatarta da gaske, sai a tarar ta salance.

Dubi sunayen littattafan da suka daɗe a hannun mutane. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo kalma biyu ce da ba sa zama tare, tunda rogo ba shi da kitse, fari ne kawai yake ruɗin ido, kuma littafin gaba ɗaya a kan wannan ruɗin ya tsaya. Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu siffantawa guda ce, amma sai ka gama littafin za ka ga yadda kwikwiyon ya bi mai shi har gida. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East tun 1934 yake, sunan kuma bai tsufa ba. Abubakar Imam ya cika littafi uku na Magana Jari Ce da Hausa miƙaƙƙiya, hikimar tana cikin abin da aku mai ba da labari ya yi da yadda ya tsara labaransa. Adon harshe ɗaya ne ke ɗauke da littafi guda a wurinsu. Yanzu goma ake zubawa a sakin layi ɗaya, su kasa ɗaukarsa.

Ba haɗa kishiyoyi kaɗai ya gaji ba. Kamance ma ya sha wuya: idanu kamar madara, hanci kamar biro, murmushi kamar gonar auduga, har ka rasa gane budurwar wannan littafi da ta wancan. Maɗinkin babbar riga ya san aska takwas a wuya da aljihu take zama, sauran yadin a bar shi ya sha iska. Wanda ya bi riga da aiki tun daga kafaɗa har ƙasa ya ɓata shadda, ya kuma ɓata zare.

Dalilan a fili suke. Marubuciyar da masu karatu suka biya kuɗin shiga zaurenta na WhatsApp dole ta saki shafi kullum, kuma jimla mai ƙyalli ita ake yankowa a ɗora a sitatus, ita ke jawo sababbin masu biya. Mawaƙin situdiyo kuma kiɗa ya riga ya tafi, layi yake nema mai ƙarewa da amon da ya dace, "ɗaci" da "daɗi" kuwa kullum suna kusa. Ina ganin makaranta ma tana da nata kason. Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa na Ɗangambo da Salo Asirin Waƙa na Abdullahi Bayero Yahya sun ba ɗalibai kayan aiki masu kyau, amma kundayen kammala digiri da yawa sun mayar da nazarin salo ƙidaya: ga kamance kaza, ga jinsintarwa kaza, ga kambamar zulaƙe kaza, saboda haka mawaƙi ya ƙware. Da wuya ka ga ɗalibin da ya yi ƙarfin halin cewa wannan kamancen bai yi ba. Wanda ya taso a haka, in ya zo rubuta nasa, yawa zai nema.

Na yarda so abu ne mai ruɗani, kuma matashiyar da ta fara jin "guba mai daɗi" a karon farko tana da haƙƙin jin daɗinta. Sai dai a zamanin ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama a Kano, marubuci yana da abokan sana'a da ke duba rubutunsa kafin ya kai maɗaba'a. Yau tsakanin babban yatsan marubuciya da idon mai karatu babu kowa. Shi ya sa gajerun labaran gasar Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016, sukan fi tsabta ta wannan fuska: akwai iyakar kalmomi, akwai kuma alƙalan da za su karanta da jan biro a hannu.