Rumfar Mahauci a Garin Ƙage: Nazarin Wasan Skyrim da Ma'aunin Gidan Fawa na Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba yadda aka siffanta mahauci a cikin irin wasannin nan na kwamfuta waɗanda mai wasa yake shiga rigar jarumi, ya yi ta yawo cikin ƙasar da babu ita, yana saye da sayarwa da yaƙi da dodanni. Asalin irin wannan wasa a kan tebur ake yin sa, tun daga Dungeons & Dragons wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mu kuwa mun zaɓi Skyrim, na kamfanin Bethesda, wanda ya fito a 2011. Wani zai ce ina ruwan malamin Hausa da wasan yara. Amsarmu ita ce, wasan nan ƙagaggen labari ne mai gari da kasuwa da taurari, kuma wasu daga cikin ɗalibanmu sun fara kwaikwayon tsarinsa a labaran da suke kawo mana mu duba. Ashe ke nan ya shigo gonarmu.

A tsakiyar kasuwar garin Whiterun akwai wata rumfar nama ta wani mai suna Anoriath. Yana da ɗan'uwa, Elrindir, mai kantin kayan farauta da shaye-shaye a garin. In aka tambayi Elrindir asalin sunan kantin, sai ya ba da labarin daren da suka fita farauta a buge, ɗan'uwan nasa ya zaci barewa ce ya ɗirka masa kibiya a ɗuwawu. Nan dole mu yaba wa mawallafan. Da ɗan wannan labari kawai sun fid da mai nama daga zama gunki a bakin tebur, sun ba shi dangi da abin kunya da abin dariya. Yana kuma tallar namansa da baki in mutum ya gitta, har kasuwar ta yi kama da mai rai.

Amma fa da zarar mun ɗora rumfar a kan ma'aunin abin da muka sani a gida, sai rauninta ya bayyana. Babban raunin shi ne naman Whiterun ba ya ruɓewa. Jarumi yana iya sayen cinyar barewa ya jefa a jaka, ya yi wata shida yana yaƙi, ya ciro ta kamar yanzu aka feɗe. Mai karatu zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne, alhali kuwa sana'ar fawa ɗungurungum a kan tsoron faɗuwar rana aka gina ta. Mahaucin da ya kai sa mayanka da asuba a Bakori ko Ɗanja ko Ƙafur ya san yana tsere da lokaci. Da hantsi yana da bakin tsayawa a kan farashi, da la'asar sai ya fara ƙara gyara, abin da ya rage kuwa ya nufi tukuba ya zama tsire ko balangu, ko a shanya shi a yi kilishi. Duk waɗannan dabarun sarrafa nama, da rabon aikin da ke tsakanin uba da 'ya'ya da barori, wani a kan kayan ciki, wani a kan kai da ƙafa, wani ya kai ƙirgi wurin majema, ruɓewa ce ta haife su. In an cire ta an cire dalilin da zai sa gida guda ya taru a kan sana'a ɗaya.

Sa'an nan babu bashi a rumfar. Kuɗi hannu, nama hannu, kuma bayan kwana biyu na cikin wasan kayan rumfar da kuɗinta sun dawo da kansu. Wanda ya taɓa zama a kara, wato kasuwar dabbobi irin ta Sheme a ƙasar Faskari, ya san sau da yawa mahauci kan karɓi dabba ta hannun dillali a kan amana, sai ya sayar ya biya. Shi ma yana bin masu tuwo-tuwo da magidanta, su kuma wasunsu sai kaka, in an sayar da auduga da masara. Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan cewa cinikin shanu a can ma a kan bashi da amincewar maigida yake tafiya. Wannan igiyar bashi ita ce take ɗaure mahauci da makiyayi da manomi. Mun ga ƙarfinta a 2021, sa'ad da gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Malumfashi da Ƙafur da Faskari da Sabuwa, saboda ɓarayin shanu. Hukuncin a kan kara ya sauka, amma har tukuba ya taɓa. A Whiterun kuwa, wasan da kansa yana ba mai wasa kwangilar kashe Anoriath, kuma in ya kashe shi ba gidan da zai kwana ba nama, ba farashin da zai motsa.

Har ila yau an cakuɗa sana'o'i biyu, domin Anoriath maharbi ne mai sayar da abin da ya harbo. A wurin Bahaushe farauta daban, fawa daban, kowace da sarkinta da kiɗanta. Ba mu kama mawallafan da laifi sosai a nan ba, tunda garinsu ne.

Inda muka fi jin giɓi shi ne gado. An ce rumfar ta 'yan'uwa ce, amma ba uba, ba mata, ba ɗa mai koyon riƙon wuƙa. Gidan fawa kuwa gida ne da ake haihuwar mutum a cikinsa. Akwai Sarkin Fawa, ko Sarkin Pawa a bakin Katsinawa, mai lura da lafiyar abin da za a yanka da kuma tabbatar da ba na sata ba ne. Akwai kalangu, wanda da jin sa a da mutanen ƙauye suka san an yi yanka. Akwai hawan ƙaho, akwai kuma dambe, wanda asalinsa na Rundawa ne da suke bin garuruwa da kaka. Wato Bahaushe ya riga ya haɗa mahauci da jarumta tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta, ga shi wasan da jarumta ce jigonsa ya bar mahauci a tsaye yana jiran jarumi ya zo ya sayi guzuri.

Sai dai kada mu yi saurin bugun ƙirji. M. G. Smith, a nazarinsa na 1959 kan matsayin mutane a ƙasar Hausa, ya sa mahauta a rukunin ƙasa. Mu da muka tashi a yankin nan mun san gidajen da har gobe ake jan ƙafa in ɗan mahauci ya zo neman aure, ko da ya fi mai 'yar abin hannu. A Whiterun ba wanda ya raina Anoriath don yana taɓa jini. Ta wannan fuska garin ƙage ya fi namu adalci, ko da yake adalcin nasa mai araha ne, domin wanda ba shi da zuriya ba a hana shi aure.

Abin da ya dame mu a labaran ɗalibanmu shi ne sukan ɗauko rumfar nan yadda take, su sa wa mai ita hula da suna irin namu, su ajiye shi a birni mai ganuwa. Alhali ga wasan kalankuwa a ƙauyukanmu, inda samari bayan girbi sukan kafa gari na wasa, a naɗa sarki da alkali da 'yan doka, kowa ya riƙe matsayinsa har a tashi. Masu kalankuwa sun san gidan kowa, don haka wanda ya sa rigar alkali ya san wa yake yanke wa tarar wasa, ya kuma san gobe za su haɗu a gona. Mun ba wani aji aikin su sake rubuta rumfar Anoriath bisa sharaɗi ɗaya, cewa naman zai lalace in rana ta faɗi. Mafi yawan waɗanda suka bi sharaɗin sun ga tilas su ƙirƙiro wa mahaucin ɗa mai kai talla da dillalin da yake bin sa kuɗin sa, ba tare da mun ce su yi ba.